Daga Kujera Zuwa Gado

Mu masu tausa na nan Sabo, kujerar roba muke kafawa a bakin gareji. Direba ya sauko daga Kano wuya a sanƙare, mu danna masa kafaɗu minti 10, ya biya ya wuce. To, hayar shago fa? Kuɗin kujera ba ya biya.

Da roƙo muke: "Alhaji, a leƙo shago mana." Shiru kake ji. Yanzu gaskiya muke faɗa: "Ciwon nan daga ƙugu yake, a zaune hannu ba ya kaiwa, sai an kwanta." Ga labule, ga wankakken zanen gado. In abin ya fi ƙarfinmu, mu ce a tafi asibiti. Wanda muka fara turawa can, shi ke kawo mana abokansa yau.