Sojan da bai bar sana'arsa ba

Idan yaro ya ce mini zai bar lakwal ya shiga soja, ba na yi masa faɗa. Labarin wata rundunar Ingila nake ba shi, Royal Wessex Yeomanry.

Asalinta manoma ne masu dawaki, da suka fara haɗa kai a 1794 don tsoron harin Faransa. An kafa rundunar ta yanzu a 1971, da aka haɗe tsofaffin rundunonin Wiltshire, Gloucestershire da Devon. Dawaki sun tafi, tankar yaƙi Challenger 2 ta maye gurbinsu, amma kowane rukuni na riƙe da sunan yankinsa.

Yawancinsu ba zaman bariki suke ba. Kowa na da aikinsa. Da yamma ko ƙarshen mako suke atisaye, sai buƙata ta taso a kira su. Tanka kuwa sai da lissafi, da karanta taswira, da sanin inji.

Iyaye, kada mu kashe wa yaranmu wannan buri. Mu nuna masu cewa ƙasa ta fi buƙatar sojan da ya gama karatunsa.