Ido Ɗaya Ya Ishe Ni

Duk gidan biki ko sunan da na shiga da kyamara rataye a wuya, sai an samu wadda za ta tare ni ta ce, "Anti, wai wace kyamara ce ta fi kyau?" Wata kuma ba ta ma tsayawa tambaya, sai dai ta ce, "Ke kuwa a wannan zamani na waya, me za ki yi da wannan kaya?" To a tsaye a tsakar gida, ga kiɗan ƙwarya ga kukan yara, bayani ba ya yiwuwa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya.

Ni dai ba mai hoton sana'a ba ce, ban taɓa karɓar ko sisin kwabo ba. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wata ke son saƙa, wata kiwon kaji. Don haka abin da zan faɗa ra'ayina ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Kafin ki tambayi wace kyamara, ki fara tambayar kanki a ina za ki riƙa ɗaukar hoton. Ni nawa duk na cikin gida ne: ɗakin amarya, ɗakin mai jego, rumfar tsohuwa, bakin murhu ranar girkin biki. Wurare ne da namiji mai hoto ba ya shiga, in ma ya shiga kowa sai ta ja mayafi ta ɗaure fuska kamar za a yi mata hoton fasfo. Ki duba albam ɗin gidanku ki gani. Ga hoton Baba a ofis, ga na Yaya ranar gama makaranta, amma ina hoton Inna tana tankaɗe? Ina na kaka tana dariya? Wannan gurbin shi nake ƙoƙarin cikewa a danginmu. Ɗakunan namu kuwa kin san su, taga ɗaya ƙarama, ita ma an sakar mata labule, wuta kuma an ɗauke. Saboda haka abu na farko da nake nema shi ne kyamarar da ke gani a cikin duhu-duhu.

A nan ne yawancin masu saye suke kallon inda bai kamata ba. Suna duba girman akwatin kyamarar da sunan kamfani, alhali aikin yana wurin gilashin nan da ke gaba, wanda masu sana'a ke kira lensi, ni kuwa ido nake ce masa. A jikin kowane ido akwai lambobi iri biyu. Ta farko mai "mm", ita ke nuna faɗin abin da yake gani: ƙaramar lamba ta kwaso ɗaki duka, babbar lamba ta jawo abu na nesa. Ta biyu mai "f", ita ce girman ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon da aka saba haɗo wa kyamara daga kamfani, mai 18-55mm, idan kika jawo shi zuwa 55 ƙofarsa tsukewa take yi ta koma f/5.6. Nawa kuwa yana buɗewa har f/1.8, wato yana shan haske kusan ninki goma na wancan. Ninki goma fa! Shi ne bambancin hoton jariri ras a hannun uwarsa da hoton da ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa koko.

Za ki ce ai ga filasha. Wallahi ba na shiri da ita. Ta sa goshi ya yi ta ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, hoda ta koma toka, ga baƙar inuwa a bango bayan mutum. Sannan da ta walƙa sau ɗaya shi ke nan, jariri ya tsala kuka, matan ɗaki duka sun tuna akwai mai hoto, hira ta mutu.

Wannan ra'ayi na samo shi ne daga kyamarar da na fara riƙewa, ta Yayana ce, Pentax K1000. Kamfanin ya yi ta ƙera irinta daga 1976 har 1997 ba tare da wani canji mai yawa ba. Ƙarfe ce zalla, ga nauyi, kuma ba ta buƙatar batir don ta ɗauki hoto, ɗan batirin da ke cikinta na allurar auna haske ne kawai. Idonta guda ne, mai 50mm, ba ya jawowa ba ya turawa. In kina son abu ya matso, ke za ki taka ki je. Fim ɗaya hoto 36 ne, kuma ba za ki ga abin da kika ɗauka ba sai an kai an wanko. Don haka ba a danna ta da garaje, sai ki tsaya, ki jira Goggo ta gama maganarta, dariyar ta zo, sannan ki danna. Har yau tana nan a kabad ɗina, lafiyarta ƙalau, sai dai fim ya yi wuya ya yi tsada, mai wanke shi ma sai an yi cigiya.

Wadda nake yawo da ita yanzu Nikon D3300 ce, ƙirar 2014, ta hannu na saya. Da batirinta, ban da ido, ba ta kai rabin kilo ba, tana shiga jakata tare da turare da kuɗin liƙi. Caji ɗaya yana ba da hoto wajen 700, wato a yi kamu, a yi wuni, a kai amarya, ban nemi soket ba. Idon da ke zaune a kanta dare da rana shi ne 35mm mai f/1.8. Kada lambar ta rikita ki. Allon da ke karɓar haske a cikin irin wannan kyamara bai kai faɗin fim ba, don haka duk idon da kika ɗaura mata sai ki ninka lambarsa sau ɗaya da rabi. Talatin da biyar ɗin nan, abin da yake gani kusan daidai yake da abin da hamsin ɗin Yaya ke gani a da. Ina da 50mm shi ma, a kanta yana zama kamar 75, ya yi kyau ƙwarai in fuskar mutum ɗaya ake so, amma a ɗakin amarya da aka cika da gado da kujeru sai ki yi ta ja da baya har bayanki ya daki bango mutum biyu ba su shiga ba.

Af, ga wani abu ga mai shirin saye. Irin wannan ƙaramar Nikon ba ta da injin juya ido a jikinta, don haka ki tabbata idon da za a sayar miki an rubuta AF-S a kansa. Akwai tsohon 50mm mai harafin D, ya fi araha, zai ɗauru lafiya lau, amma da hannu za ki riƙa saita shi.

Na san akwai sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, kuma ba na kushe su, na riƙe ta wata ɗiyata na ga abin mamaki, ita da kanta take bin ƙwayar idon mutum. Sai dai kuɗinta ya sayi keken ɗinki da firiji har da canji, kuma batirinta bai kai nawa jimiri ba. Manyan idanun nan dogaye masu kama da bakin bindiga kuwa, na masu ɗaukar hawan sallah da ƙwallo ne. Ki shiga da shi ɗakin mata ki gani, kowa za ta kama kanta. Nawa ɗan ƙarami ne, minti goma an manta da ni.

To mu zo kan waya, tunda ita ce a hannun kowa. Ni ma ina ɗauka da ita, kuma da rana a fili tana yin abin kirki. Amma idon waya mai faɗi ne, yawanci kamar 24 zuwa 26mm yake gani. Don fuska ta cika hoton dole ki matso da ita kusa, abin da ya fi kusa da ido kuwa shi ke girma. Shi ya sa za ki ga hanci ya yi gaba, kunne ya ɓace, goshi ya yi tulu, yarinya kyakkyawa ta dubi hotonta ta tsani fuskarta a banza. A hoton taro kuma wadda ta tsaya a gefe sai ta buɗe kamar an ƙara mata rabin mutum. Maganin ba wuya: ki ja da baya taku uku, ki danna inda aka rubuta 2x, masu jiki kuma ki sa su a tsakiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar launin fata. Wannan tsohuwar matsala ce. A Amurka, tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake saita launi. In fatarta ta fito daidai, an ce inji ya yi daidai. Sai a 1995 suka fito da kati mai mata uku masu launi daban-daban, har da baƙar fata. Shekara da shekaru ke nan ana auna mu da ma'aunin da ba namu ba. Yanzu abin ya yi sauƙi, masu wayar Tecno sun daɗe suna saita kyamararsu don baƙar fata, Google ma a 2021 ya fito da nasa gyaran. Amma sai ga shi mu da kanmu mun koma muna danna maɓallin "kwalliya", ya goge fuska ta yi sumul kamar roba, ya ƙara mata fari. Na taɓa kai hoton Goggona wani shago don a ƙara masa girma, da na je karɓa sai na tarar yaron ya goge mata tsagarta tas, ya haske ta, wai ya yi mata gyara. Tsagar nan fa ita ce ke faɗin garinsu da gidansu, kuma jikokinta babu mai ita ko ɗaya. Na ce ya mayar mini da Goggona yadda na kawo ta.

Don fata ta fito da kyanta, dabarar tana wurin haske. Kyamara tana ruɗewa in ta ga farar shadda ko farin bango ko taga a bayan mutum, sai ta rage haske fuska ta koma baƙi ƙirin. Ni ina zaunar da mutum ne kusa da bakin ƙofa, hasken ya zo masa ta gefe, in auna a kan kumatunsa. In ɗaya gefen ya yi duhu, sai in sa yarinya ta riƙe farin mayafi daga can ya maido da hasken. A tsakar gida kuwa, inuwar hantsi ko bayan la'asar. Tsakar rana ba ta yi wa kowa adalci. In kuma taron mutane ne sahu biyu ko uku, ki rage ƙofar zuwa f/5.6 a fita waje, domin a f/1.8 sahu ɗaya ne zai fito sarai.

Akwai wani mai hoto ɗan ƙasar nan, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya ɗauki aikin ɗaukar kitson matan Nijeriya, hoto wajen dubu, baƙi da fari, yawanci daga baya ko daga gefe. Yau ana rataye su a manyan gidajen nune-nune na duniya. Da na ga aikinsa sai na ce ashe abin da muke rainawa abin adanawa ne. Wa ya ɗauki dokar kakanninmu kafin a daina yin ta? Tun daga nan nake ɗaukar kitso, da zanen lalle ranar da aka wanke shi, da jeren kwalla da tasoshin tsofaffi kafin magada su raba. Idon nan nawa yana iya matsowa har santimita 30, don haka tafin hannun amarya yana cika hoton, kowane zare na lallen a bayyane. Kuma ba na ɗaukar kowa sai da izininta, ba na sa hoton matar wani a intanet. Wannan amanar ce ta sa ake ɗaga mini labule.

Zama da ido ɗaya yana da wani amfanin da sai hunturu ake gane shi. Duk sanda kika cire ido don ki canza wani, ƙura ta samu ƙofa, ta zauna a kan allon ciki, daga nan kowane hoto sai ki ga ɗigo-ɗigo a sararin sama. Idon zum kuwa da yake shiga yana fita, iska yake zuƙa da ƙurarta. Da damina kuma danshi ne abokin gaba, yana sa wata irin fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashin kamar yanar gizo. Kada ki kulle kyamara a ƙasan akwati cikin atamfofi. Ni a roba mai murfi nake ajiye tawa, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, in kuma fito da ita ta sha iska lokaci-lokaci. Gilashin ma ba a goge shi da bakin zane, ƙurar da ke jiki karce shi take yi.

Kwanaki Maigida ya ce in ina so ya ƙara mini kuɗi in sayi 85mm, wanda masu hoton amare ke yabo. Na je shago na ɗaura shi na leƙa, kai, yana da kyau, bayan mutum narkewa yake yi kamar man shanu. Amma da na ƙiyasta, sai na tsaya a zaure kafin in ɗauki wadda ke zaune a rumfa. Na ce ya bar shi, ya ba ni kuɗin in wanko hotunan da suka taru a memori tun sunan 'yar ƙanwata, in sayi albam biyu, ɗaya na ɗakin Inna, ɗaya nawa.