Furen da akuya ta ƙi ci, mu tambayi dalili

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa sayen fure wajen ƴan jardan, ko a bakin kogi a Yamai ko a gefen gudron a Maraɗi da Damagaram, ya san tambayoyi biyu da muke yi kafin a zo maganar kuɗi: yana jure rana? Akuya tana ci? In mai jardan ya ce mana wannan ko kallonsa akuya ba ta yi, to ciniki ya faɗa, mu ɗora tukunya a bayan moto mu yi gida muna murna.

Amma akuyar da ke cin kwali da leda, me ya sa ta bar ganye ɗanye shar a watan Afrilu? Sau da yawa amsar ita ce guba. Furannin da suka fi yawa a gidajenmu sun yi yawa ne don bisashe sun bar su, kuma abin da ya sa bisashe suka bar su shi ne zai iya kashe kyanwar gidan, mage ko mussa, kowa da yadda yake kiranta. Mu kuwa ba don ado muke ajiye ta ba. Ita ce mai gadin buhun gero da na shinkafa, ita ke hana kusu ɓarna a butik da ɗakin ajiya. Ranar da ta mutu ba ciwo ba rauni, sai a ce maƙwabci ne ya sa mata magani, har a daina gaisawa. Ba mai waiwayar tukunyar da ke bakin ƙofa.

Mu fara da wanda muka haddace sunansa tun a lakkwal, laurier-rose, mai dogon ganye siriri da fure ruwan hoda ko fari. Ana shuka shi a gidaje da ofisoshi saboda ba ya jin zafi. Ganyensa, furensa, iccensa, saiwarsa, duk guba ne, kuma gubar zuciya take kamawa: dabba ta fara zubar da miyau da amai, bugun zuciyarta ya rikice, ta faɗi. Bushewa ba ta kashe gubar. Wannan ya shafi har masu kiwon rago a gida, don ragon da ya ƙi ɗanyen ganyen zai iya haɗiye busasshe in an share tsakar gida shara ta gauraya da harawa. Ɗan uwansa mai fure rawaya kamar ƙararrawa, thevetia, haka yake, ƴaƴansa ma sun fi ganyen haɗari, ga yara suna son wasa da su.

Sai wanda yayinsa ake yi yanzu, rose du désert, mai ƙaton gindi kamar ƙaramar kuka da jan fure, wanda mutanen daji ke kira kariya. Kyau kam yana da shi, ba gardama. Amma da ruwan jikinsa mafarauta a sassa da dama na Afirka suke dafa kibiya. Shi da laurier-rose da tumfafiya dangi ɗaya ne. Ba wanda zai ɗauko tumfafiya ya ajiye a salon, kowace uwa ta san ƙaronta ba ya haɗuwa da idon yaro, amma ɗan uwanta in ya zo cikin tukunya mai fenti sai mu biya jikkuna mu ajiye shi daidai inda kyanwa ke kwana.

Wani zai ce ai kyanwa nama take ci, ina ruwanta da ganye? Mu lura da ita sosai. Tana tsinkar ciyawa tana taunawa lokaci zuwa lokaci, da rani kuwa in ƙasa ta bushe ƙaf, koren abu ɗaya da ya rage a gidan shi ne na tukunya. Ga wasa: ƴar kyanwa duk abin da ke lilo sai ta kai masa cizo. Ga kuma wankanta, da harshe take yi, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai ƙare. Hantarta ma ba kamar tamu ko ta kare ba ce, akwai abubuwa da yawa da ba ta iya tace su, shi ya sa ɗan kaɗan ke isar ta.

A nan ne maganar lys ta shigo, wato lili, babban furen nan mai ƙamshi da ake sawa a buke na biki ko na tarbar baƙo. Mu dai galibin furen bikinmu na roba ne, kuma a wannan karon roba ta yi mana rana. Amma a manyan birane ana samun na gaske, ana kawo wa amarya ko mai jego. Mutum da kare ba ya yi musu wata babbar illa. Kyanwa kuwa ƙodarta yake tsayarwa. Ba sai ta ci ganye ba: garin nan rawaya da ke tsakiyar furen in ya zuba mata ta lashe, ko ta sha ruwan da aka tsoma buken a ciki, ya isa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ta yi amai da farko, sai ta zama kamar ta samu sauƙi, bayan kwana 2 ko 3 fitsari ya tsaya. In an wuce kamar awa 18 ba a fara mata ƙarin ruwa ba, da wuya a ceto ƙodar. A ganinmu gidan da ke da kyanwa bai kamata lys ya kwana a cikinsa ba, ko wa ya kawo shi. A yi godiya, a ba maƙwabciyar da ba ta da kyanwa.

Akwai na tsaka-tsaki. Dieffenbachia, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake ajiyewa a salon, yana ƙona baki ya kumbura harshe. Aloe vera, wanda mata ke shukawa don fata da gashi, yana sa ta amai da zawo. Pervenche da lantana su ma ba na wurinta ba ne. Su zaƙami da zurma da bini-da-zugu ba sai mun tsaya a kansu ba, kowa ya san halinsu.

To me za mu shuka? Rose na gaske, mai ƙaya, ba shi da guba, sai dai a kula sunan rose da ke jikin laurier-rose da rose du désert kada ya yaudare mu, ba danginsa ba ne. Hibiscus, ɗan uwan yakuwa, lafiya lau. Zinnia da tournesol suna fitowa daga iri cikin sauƙi da damina. Ɗoɗɗoya ga ƙamshi ga miya. Bougainvillier da ke hawa katanga ba ya cikin masu kisa, ƙayarsa ce kawai abin kula. Matsalarsu ɗaya: yawancinsu akuya tana so, suna kuma neman ruwa fiye da waɗancan. Wato sai an yi shinge ko an rufe ƙofa. Mu dai mun fi ganin sauƙin wannan wahalar.

Wata dabara mai arha: a zuba alkama ko gero a tsohon kwano da ƙasa, cikin kwana 7 zuwa 10 ya fito, kyanwa ta samu nata abin taunawa ta rage damun na tukunya. Ban da dawa. Makiyaya sun san ɗanyen tsiron dawa yana kashe dabba.

Ƴan jardan da yawa sun iya renon shuka fiye da mu nesa ba kusa ba, amma suna ɗaya kan hau fure uku a bakinsu. Kafin mu biya, mu ɗauki foto da salula mu nuna wa lokotoron bisashe ko wani ma'aikacin gandun daji. Mu kuma karya ɗan ganye mu gani: in ƙaro fari ko mai yauƙi ya fito, a yi hattara, a wanke hannu. Wannan gwajin ba ya kama lys, shi sai an san kamanninsa.

In kuma abin ya riga ya faru, madarar da muka saba ɗurawa ba ta karya guba, ruwan gishiri don a sa ta amai kuwa wata gubar ce a kan ta farko. Parasetamol, wanda ba gidan da babu shi, ƙwaya ɗaya ta 500 tana iya kashe kyanwa, kada tausayi ya sa a ba ta. A goge mata baki da gashi da tsumma mai ruwa, a tsinko reshen abin da ake zargi a sa a leda, a naɗe ta a zane a nufi ofishin kiwo ko wurin veterinar mafi kusa a ranar, ba sai an jira a ga yadda za ta kwana ba.