Dutsen Malbaza da Masu Karanta Shi

Yaron da ya tashi a Malbaza ya san farin dutse tun kafin ya san harafi. Yana ganin manyan motoci na jigilarsa zuwa masana'antar siminti, yana kuma tsintar ƴan duwatsu masu siffar katantanwa a kan tudu, ya yi wasa da su ya yar. Da wuya a sami mai gaya masa cewa abin da ke hannunsa ragowar dabbar teku ce, kuma shekaru wajen miliyan 60 da suka shige ruwan gishiri ne ya lulluɓe inda gonar mahaifinsa take a yau.

Cikin waɗanda suka tsara wannan labari a rubuce, babu kamar Jacques Greigert, wani Bafaranshe masanin duwatsu na hukumar BRGM. Ya yi shekaru yana bin kwaruruka da tuddan Adar, yana auna kaurin kowane shimfiɗin ƙasa, yana duba abin da ke sama da abin da ke ƙarƙashi. A 1966 ya fitar da babban littafinsa a kan kwarin Iwillimmidan, wato faffaɗan yankin da ya haɗa yammacin Nijar da sassan Mali, Aljeriya, Benin da ƙasar Sakkwato. A 1967 kuma shi da Robert Pougnet suka wallafa bayanin duwatsun Nijar baki ɗaya. Daga baya ya karkata ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, har aka sami kundin taswirorin ruwa na Nijar a ƙarshen shekarun 1970.

Amfanin irin wannan aiki a fili yake ga duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a ƙasar Ƙwanni ko Illela. Jan marmara ne a saman tudu, ƙarƙashinsa farin dutse da yumɓu, sai can ƙasa a tarar da yashi mai riƙe ruwa. Wanda ya san wannan jeri ya san inda zai sa injin haƙa da zurfin da zai kai. Wanda bai sani ba ya binne dukiyar gari a busasshen rami. Haka ma siminti: sai an auna sinadarin farar ƙasa da ke cikin dutsen, a haɗa shi da yumɓu daidai gwargwado, a gasa a zafin da ya kai awo 1450, kafin a niƙa. Masana'antar Malbaza, wadda ta soma aiki a 1966, a kan farin dutsen tsohon tekun nan ta dogara.

Sai dai dutse bai san iyakar da Turawa suka shata ba. Shimfiɗin da ake kira na Garadawa a Nijar shi ne ya ratsa kudu ya ɓulla kusa da Sakkwato, inda ake ce masa na Kalambaina, kuma da shi masana'antar simintin can take aiki. Masanan wannan ɓangare sun yi rubutu da Faransanci, na wancan da Ingilishi, kowa da sunayen da ya raɗa. A nan ne Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya taka rawarsa. Ya bi duwatsun Sakkwato a shekarun 1970, ya gwada su da abin da aka gano a Nijar, ya nuna cewa teku ɗaya ne ya ajiye su. Shi ne ya tattara littafin Geology of Nigeria a 1976, wanda ɗalibai suka daɗe suna karatu da shi, sannan a 1983 ya zama editan farko na mujallar Journal of African Earth Sciences, domin masanan Afirka su sami inda za su karanta juna.

Yau malamai da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suna komawa tuddan nan, suna gyara wani abu na magabata, suna tabbatar da wani. Abin takaici shi ne duk wannan ilimi yana kwance cikin harsunan da manomin Adar ba ya ji, alhali shi ne mai zaune a kan dutsen, kuma shi ne ke shaƙar ƙurarsa.

Gyaran bai fi ƙarfin malamin makaranta ba. Idan ya fita da ɗalibansa bayan gari, suka tsinto farin dutse, ya ɗiga masa ruwan lemon tsami, za su ga ƴan kumfa na tasowa, alamar farar ƙasa ke nan. Idan kuma ƙungiyoyin raya al'adu suka tattara sunayen da maginan tukwane da mahaƙan rijiya ke kiran kowace irin ƙasa, aka jera su kusa da sunayen da ke cikin littattafan Greigert da Kogbe, an sami darasi na farko da Hausa. Daga cikin yaran da suka ga kumfar nan ne za a sami masu karanta dutsen Malbaza nan gaba.