Lungunan Mamobi Ma Makaranta Ne

Jama'a, ɗan Mamobi ba ya kwatance da lambar gida. Sai ya ce maka, "Bi bakin gotan da ya raba mu da Nima, wuce masallaci, ka tambayi mai koko." Taswirar da ke kansa ta mutane ce. Lungu ya matse, dole ka gaida duk wanda kuka haɗu. A tsakar gida ɗaya yaro yana jin Hausa, Zabarmanci da Dagombanci, ya saba da sauraro kafin magana.

Yau da yawanmu sun koma Kasoa da Madina, sun ja katanga. Madalla da yalwa. Amma yaron bayan katanga bai san sunan maƙwabcinsa ba. Iyaye, ku riƙa kawo su hutu Mamobi.