DAGA GIDAN RUMJI ZUWA GAZAWA: HANYA CE KE ZAƁEN ƘAFAR MOTA

Matafiyin da ya tashi daga Gidan Rumji ya nufi gabas, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 zai bi. Zai wuce Tibiri, garin Sarkin Gobir, ya ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye, ya kai Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Duk wannan tafiya bisa kwalta ce, kowace irin mota tana iya yin ta.

Amma arzikin waɗannan gundumomi uku ba bakin kwalta yake ba. Gero da wake da gyaɗa da riɗi da aya suna can cikin karkara, wajen Gidan Sori da Saye Sabuwa da Ɗan Saga da Gangara. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta shiga turbar ƙauye, sai ta haɗu da rairayin jigawa. Amalanke da manyan motoci sun yi wa turbar kwari biyu, sun bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota sai cikinta ya zauna bisa tudun, ƙafafu suna juyawa a banza. Da damana kuma ga laka cikin kwarin Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba.

Don haka ne masu motocin kasuwa ke sha'awar sa manyan ƙafafu, kamar na Toyota Land Cruiser mai taya 7.50 R16. Dabara ce mai amfani, amma tana son lissafi.

Na farko, mota ba ta tashi sai da rabin abin da aka ƙara. In ƙafa ta ƙaru da santimita 6, santimita 3 kaɗai cikin mota zai yi nesa da ƙasa.

Na biyu, agogon gudu zai riƙa yi wa direba ƙarya. In tsayin ƙafa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, allura na nuna 80 alhali mota na gudun 88. Wannan haɗari ne a tsakiyar Cadawa ko Agye ranar kasuwa, inda yara da bisashe ke ƙetare hanya.

Na uku, inji zai ji nauyi wajen tashi, burki kuma ba zai kama da wuri kamar da ba. In aka yi lodin buhunan aya, mota ta zauna, taya na iya gugar jikin mota har ta fashe.

Akwai kuma samari masu sayen babban ƙarfen ƙafa mai walƙiya, su sa masa siririyar taya. Wannan adon birni ne. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen. Abin da turbar jigawa ke so shi ne taya mai tsawon gefe, wadda za a rage wa iska ta shimfiɗe bisa rairayi, a mayar da iskar in an hau kwalta.

Jama'a masu motoci, kafin ku biya kuɗi ku duba ramukan noti sun dace. Ku canza ƙafafu huɗu tare, har da ta ajiya. Tayar da ta sha aiki a Turai, ku karanta lambobi huɗu na gefenta: 2318 na nufin an yi ta a sati na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar roba ba ta jure zafin bazara, ko da zanenta bai cinye ba.

Motar da ke kai aya kasuwa, ita ce za a buga wa ƙofa da tsakar dare a kai mai naƙuda gidan likita. Kada a bari ta kwana cikin rairayi. Allah ya kiyaye hanya, amin.