Buhu Sau Buhu Nawa Ne?

Mu mutanen Kabi ba baƙin lissafi ba ne. Yarinyar da ke tallan kifi a kasuwar Argungu takan faɗi canji tun mai saye bai gama laluben aljihu ba, yaron da ya tashi a fadama kuma ya san buhu nawa gonar gidansu ke bayarwa rani da damina. Amma waɗannan yaran ne dai, da zarar sun shiga ƙaramar sakandare aka rubuta musu 2x × 3x a allo, sai jikinsu ya yi sanyi. Da yawansu daga nan suke raba gari da lissafi.

Mu iyaye da yayye da ke duba littattafansu bayan sallar isha'i mun lura wuri guda suke tuntuɓe: sun ɗauka harafin sunan wani kaya ne. An saba ce musu b buhu ne, 3b da 2b buhu biyar ke nan, 5b. Dabarar tana ci a wajen tarawa. Ranar da aka zo ninkawa sai ta watse, don yaro mai kaifin kai zai ɗago ya ce, "Yaya, to buhu sau buhu nawa ne?" Ba wanda zai iya ba shi amsa. Gaskiyar ita ce harafin lamba ce da ba a faɗa mana ita ba tukuna.

Abin da ya fi yi mana aiki shi ne fangalin shinkafa, wanda duk ɗan da ya taɓa bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya sani. A ce an yi dashe layi x, kowane layi tushe x. In x goma ce, tushe ɗari ke cikin fangalin. Wannan shi ne x × x, wato x². Shi kuwa x + x layi biyu ne kacal, tushe ashirin, wato 2x. Yaron da ya ƙirga da idonsa ya ga ratar ashirin da ɗari, da wuya ya sake haɗa su.

Daga nan 2x × 3x ta zo da sauƙi. Layi ashirin, kowanne tushe talatin, tushe 600. Yanka filin gida-gida, goma sau goma, za ka sami fangali shida masu ɗari ɗari: 6x². Wanda ya rubuta 6x ya sami sittin, ya bar tushe 540 a gona.

Haka ma 3(x + 2). Masunta uku sun fito daga Matan Fada, kowa da kifi x, aka ƙara wa kowa biyu. Ƙarin shida ne, don haka 3x + 6. Mai rubuta 3x + 2 ya hana mutum biyu rabonsu. In kuma a kuɗin mudun shinkafa ne, b na gero, to 3a + 2b nan ta tsaya, ba ta zama 5ab. Mukan ce wa yara su sa lamba a gurbin harafi su gwada amsarsu, amma ban da biyu, don biyu da biyu huɗu ne, biyu sau biyu ma huɗu, sai kuskure ya ɓuya.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda daga littafinsa aka sami kalmar aljabara, ya yi rubutunsa a Bagadaza wajen shekarar 820 ba tare da x ko ɗaya ba. Abin da ba a sani ba ya kira shi shai'un, wato abu, ya kuma riƙa zana fili mai kusurwa huɗu don kafa hujja. Kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake, irin aikin da malamanmu ke yi a zaure har gobe. Haruffan x da y sai a 1637 Rene Descartes na Faransa ya yaɗa su.

Abin da ke sa mu damuwa shi ne abin da ke gaba. Yarinyar da ke son aikin jinya, ko yaron da ke burin karatun injiniya a Kwalejin Waziri Umaru, ko kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, dole su nuna kiredit a lissafi. Wanda ya tsorata da x a aji ɗaya yakan ɗauki tsoron har zauren WAEC, alhali a kasuwa ba a iya cutarsa ko da naira biyar.

Shi ya sa a gidajenmu, kafin yaro ya haddace ƙa'ida, mukan miƙa masa tsinke mu ce ya zana fangali a tsakar gida, ya jera tsakuwa layi-layi, ya ƙirga. In ya gama, sai ya ɗauko littafin.